Salla Biyar, Mazhaba Huɗu

Ni ba mai son yabon kai ba ne, amma gaskiya dole a faɗe ta. Tun daga Damagaram inda aka binne cibiyata har zuwa gindin dutsen Zuma, ba a taɓa yin mutumin da ya riƙe mazhabobin nan huɗu a tafin hannunsa kamar ni, Malam Iro ɗan Malam Habu, ba. Wani malamin sai ya yi furfura, haƙora su zube, yana kan mazhaba ɗaya bai ƙare babin tsarki ba. Ni kuwa na ja salla da Malikiyya da Shafi'iyya da Hanafiyya da Hambaliyya duk a rana guda, tsakanin asuba da lisha, kuma haka na yi ta yi har damina ta wuce. In ka ji wani a Kurudu yana cewa korata aka yi, hassada ce kawai. Ga yadda abin ya faru.

Na shigo Najeriya lokacin da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, kuɗin mai ya fara malala ko'ina. Labarin da ya iske mu a Nijar shi ne wai a Abuja kullum sai an buɗe sabon masallaci, har masallatai sun fi limamai yawa, ana tare mai rawani a titi ana roƙonsa ya zo ya ja salla a ba shi mota. Ni da na sauke ƙananan littattafan fiƙihu a zauren mahaifina, na kuma haddace labaran manyan limamai kamar tare muka yi wasan ƙasa, sai na ce ai wannan gari ni yake jira. A gaban matata da surukaina na rantse ba zan sake taka Damagaram ba sai da makullin ɗakin liman a aljihuna. Wannan rantsuwar ce ta ja mini duk abin da za ka ji.

A tashar Zuba na fara sanin irin mutanen da Allah ya tara a garin nan. Ko ƙafata ta biyu ban sauke daga mota ba wani mai farin kaftani, fes da shi, ya riƙe mini jaka.

"Allah gafarta malam, daga ina? Kai, wallahi Allah ne ya jefo ka! Ogana ya gama masallaci, liman kawai yake nema."

Na ce a raina, ka ji ko, ashe ba ƙarya aka yi mana ba. Ya ja ni muka yi ta tafiya har wani babban ƙyaure na ƙarfe. Ya ce oga ba ya son ƙura, in ajiye jakar da rawanin in zagaya baya in yi alwala in wanke ƙafa. Na yi alwala irin ta malamai, a natse, ina tsefe gemu. Ko da na dawo babu jaka, babu rawani, babu mai kaftani. Na buga ƙyaure, mai gadi ya leƙo, na ce ni ne sabon liman. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, nan gidan kaji ne."

Daga ni sai rigar jikina da butar roba, butar ma ta masu gidan kajin ce, sai da suka biyo ni suka karɓe.

Da ƙafa na isa Tungan Maje. Na samu wani masallaci mai baranda, na ce to, ko ba komai na kwana a inuwar ɗakin Allah. Aka tada salla na shiga sahu, na saki hannuwana kamar yadda ubana ya yi, kakana ya yi, duk Damagaram ta yi. Ana sallamewa sai ga samari uku sun kewaye ni, wandunansu a ɗage, kowa da ƙwayoyin gemunsa da ba su kai a kira su gemu ba.

"Baba, hannun naka ciwo yake yi ne?"

"Lafiyarsa ƙalau, ɗana."

"To me ya sa ka sake shi yana reto kamar an shanya wando?"

Na gyara zama, don dama irin wannan ranar nake jira. Na fara kawo musu tarihin Imamu Malik, malamin Madina, da yadda ya ɗauki aikin mutanen garin Manzo a matsayin hujja. Ban kai ko'ina ba babbansu ya tsaida ni.

"Mu ba tatsuniya muka tambaye ka ba. Ina hadisi? Wane littafi, wane shafi?"

Shafi! Mu da aka karantar da warƙoƙi a cikin gafaka, waɗanda in iska ta taso sai a bi su da gudu, ina muka san shafi? Da suka ji harshena kuma sai abin ya koma wani.

"Au, ɗan Nijar ne ma! Ku kuke shigo mana da gargajiya. Nan ba masaukin baƙi ba ne."

Suka naɗe tabarmar barandar, suka kulle masallacin, suka tsaya suna kallona har sai da na sha kwana. Wallahi ko ɓarawon takalmi ba a yi masa irin rakiyar da aka yi mini.

Na gangara Karmo. Wanda bai ga Karmo ta wancan lokacin ba bai ga cunkoso ba. Ɗaki ɗaya mutum goma, in ɗaya zai juya sai ya yi sanarwa. Na kama turin kurar ruwa, ni da na zo a ba ni mota. Da Azahar ta yi na shiga masallacin 'yan kasuwa, yawancinsu dattawan Kano. Amma yanzu na yi wayo. Na ce Abuja ƙabalu ake yi, to ƙabalu za su gani. Na naɗe hannuwana a ƙirji, na ɗaga su sama har ina neman shaƙe kaina. Tun a raka'ar farko tsohon da ke damana ya fara zungurata da gwiwar hannu. Ana idarwa ya juyo.

"Kai yaro, wa ya aiko ka?"

Yaro! Ni da furfura ta fara tsiro mini a saje.

"Irinku ne masu shigowa da sanɗa. Yau ku kama hannu, gobe ku kama lasifika, jibi ku kama masallacin gaba ɗaya. Mun san ku! Tashi ka ba mu wuri."

Na ce, "Alhaji, wallahi ni Bamalike ne, jiya ma saboda saki aka kore ni."

"Ka ji munafiki! To yau saboda kamu za a kore ka."

A ranar na gane karatun da ba a koya mini a zaure ba. A garin nan ba fuskarka ake kallo ba, ba a tambayar ko ka ci ko ba ka ci ba. Hannunka ake kallo. Daga nan in zan shiga masallaci sai in tsaya wajen takalma kamar mai neman wani abu, in leƙa in ga inda jama'a suka ajiye nasu hannuwan, sannan in ajiye nawa.

Mutum ɗaya ce a Karmo ba ta taɓa duban hannuna ba sai don ta ɗora masa abinci. Mama Ladi, wata Bagwariya mai soya doya, ba ma Musulma ba ce. In ta ga na zauna jugum bayan na gama turin kura sai ta ce, "Malam, kai ta ci abinci? Zo zauna, doya yana nan, da zafi." A rumfarta nake kwana in ta tashi. Can nake kwanciya in yi ta tunanin furar gidanmu mai nono har sama, da muryar 'yata Hadiza tana haɗa baƙi a allo. Wayar hannu ta fara shigowa a lokacin, akwai masu zama ƙarƙashin lema suna ba da haya. Nakan kira kantin maƙwabcinmu a kira mini matata, in ce mata masallatai ne suka yi mini yawa, ina dai zaɓa. Ta ce, "To makullin fa?" In ce layi ba kyau.

Wata safiya masu rusau suka zo da katafila, suka mai da rumfar Mama Ladi da layinmu duka fili. Ta ɗora kaskonta a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya, ta miƙo mini sauran doyar jiya a leda, ta yi gabas, na yi kudu. Ban sake ganinta ba.

Haka na faɗa Kurudu. A can wani kamfani yake gina gidaje birjik, leburori kamar tururuwa. Daura da ƙofar wurin akwai kantin wani Bakatsine, Alhaji Barau, mai sai da shinkafa da sabulu da sukari. Mutum ne mai ƙiba, mai saurin fushi da saurin hawaye. Ya bar ni in zauna a bencinsa, ni kuma na biya shi da abin da nake da shi, wato labari.

Na ba shi labarin Abu Hanifa, ɗan kasuwar tufafi na Kufa, wanda aka ce ya karɓi alƙalanci ya ƙi, aka daka shi, aka jefa shi kurkuku, ya ce shi dai a'a. Na ba shi na Imamu Malik da aka yi wa duka har kafaɗarsa ta goce saboda wata fatawa, ya tashi ya maimaita ta. Na ba shi na Shafi'i da aka kawo shi daga Yaman a ɗaure cikin mari. Na ba shi na Ahmad ɗan Hambali da aka yi ta zane shi don ya faɗi abin da bai yarda da shi ba, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Ba na musu, ina ɗan ƙara gishiri. A bakina mai bulalar yakan gaji a kawo wani, wanin ma ya suma a kawo ƙanensa. Alhaji sai ya cire hula yana share ido da ita.

"Malam Iro, sake mini na bulalar nan. Kai, maza sun wuce! Yaro, kawo wa malam shayi."

Da labarin bulala na ci burodi da shayi har kumatuna suka fara dawowa.

Ana nan sai kamfanin ya gina wa ma'aikata masallaci na bulo, a gefensa kuma ɗakin liman. Jama'a, ɗaki! Ƙofar ƙarfe, tagar gilashi, fanka a sama, ƙasa kuwa santsi kamar a lasa. Nakan tsaya a tagar in yi ta kallon fankar nan ko ba ta juyawa ina jin iska. Alhaji Barau ya kai sunana, ya ara mini wata tsohuwar babbar rigarsa da za ta ci mutum uku irina. Amma aka ce sai an gwada ni zuwa azumi, kuma sai mutum huɗu sun amince sannan a ba ni makulli. Shi Alhaji yana wakiltar leburori da 'yan kasuwa, makullin ma a aljihunsa yake. Sai Injiniya Sabri, Bamisire, mai kula da ginin. Sai Oga Jawed, ɗan Pakistan, shugaban masu aikin lantarki. Na huɗu Malam Nura, wani matashi mai tabarau daga ma'aikatar gwamnati, mai zuwa duba aiki, wanda ya yi karatun addininsa a littattafan Turanci.

Ni da Tungan Maje da Karmo suka gasa, ban tsaya jiran a kore ni karo na uku ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya na same shi da Larabcina na littafi, wanda in na yi sai ya ɗan runtse ido kamar ya ji tsami. Ya ce su a Masar Shafi'i suke bi, Bismilla aya ce a cikin Fatiha, a bayyane ake karanta ta. Na dafa ƙirji na ce, "Ya sayyidi, ai ni a ɓoye Bashafi'e ne. Zama cikin mutanen nan ne ya sa na yi shiru." Ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara.

Oga Jawed da guntuwar Hausarsa ya nuna mini ƙarƙashin cibiya ya ce, "Hannu, nan. Amin, shiru. Abu Hanifa, babba." Na ce, "Oga, babba ma kaɗan ka faɗa. Kakana har Bagadaza ya je da ƙafa ziyarar kabarinsa." Kakana iyakarsa kasuwar Matamaye, amma Allah Ya san halin da nake ciki.

Malam Nura ya fi wuya. Ya gyara tabarau ya ce shi bai yarda da bin mazhaba ido rufe ba, amma in dole ne, Imamu Ahmad ya fi kusa da hadisi. Hannu a ƙirji, a ɗaga shi wajen ruku'u, a faɗi amin da ƙarfi. Na ce, "Yallaɓai, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Saboda wannan aƙidar aka kore ni a Karmo." Wannan kam ba ƙarya na yi ba.

Alhaji Barau kuwa ba sai na ce komai ba. Ya san ni ɗan Malikiyya ne gaba da baya.

To, ga inda Allah Ya taimake ni. Mutanen nan huɗu ba sa haɗuwa. Injiniya a cikin wurin yake kwana, asuba kawai yake samu, da rana yana kan bene, da yamma ya tafi gari cin abincinsu. Leburori da Alhaji su ne Azahar da La'asar, rana na yin sanyi Alhaji ya bar kanti a hannun yaransa ya tafi gida. Malam Nura sai Magariba in ya taso daga ofis. Oga Jawed sai ya tada janareta yake zuwa lisha. Sai na raba musu ranar. Da asuba in kwarara Bismilla har kaji su farka, in yi ƙunutu a bayyane bayan ruku'u, hannu sama. Da rana in saki hannu, sallama ɗaya, in koma ɗan ubana. Da Magariba hannu a ƙirji, amin kamar saukar aradu. Da lisha hannu ya gangara ƙarƙashin cibiya. Salla biyar, mazhaba huɗu, liman ɗaya. Ka faɗa mini malamin da ya taɓa yin haka tun daga Kufa har Kurudu!

Buzaye biyu masu gadi ne kaɗai ke bin dukkan sallolin, kuma su ba ruwansu. Sau ɗaya dai ɗayansu ya tare ni a bakin famfo, daga cikin rawaninsa ya ce, "Malam, yanzu ina za a sa hannun?" Na ce ya bar wa malamai abin malamai.

Ni dai ina kan bencin Alhaji, ruwan sama na dukana ta gefe, sauro na karatu a kunnena, ina lissafin ranar da fanka za ta juya a kaina. Har na kira matata na ce ta fara shiri, makulli ya kusa.

Azumi ya kama. Sai mai kamfanin, wani hamshaƙi da ban taɓa gani ba, ya aiko a yi wa kowa da kowa buɗa-baki a harabar masallaci, aka kuma ce a nan za a miƙa wa liman makullinsa. Ka ga duk huɗun za su haɗu ke nan a salla ɗaya. Na ce wa Alhaji ina jin zazzaɓi. Ya ce, "Zazzaɓin murna ne, tashi ka yi wanka."

Aka sha ruwa, aka ci dabino, aka tada iƙama. Manyan kuloli na shinkafa da kaji suna jere a baranda, ƙamshi na shigowa ta taga yana marin mutanen da suka wuni suna ɗaukar siminti da azumi a bakinsu. Na waiga don in daidaita sahu, sai na gan su a bayana, kafaɗa da kafaɗa: Alhaji, Injiniya, Oga Jawed, Malam Nura. Kowanne ya yi mini murmushin nan na mun san juna.

Amma ni ma ba a banza na sha wuya ba. Na zare hannuwana daga hannun babbar rigar na cusa su ciki. Rigar Alhaji kuwa rumfa ce. Daga baya ba mai iya sanin ko saki na yi ko kamu, ko ma sosa ciki nake. Matsala ɗaya ta kau. Bismilla kuma na karanta ta tsaka-tsaki, na haɗa da ɗan tari, yadda mai so zai ce ya ji, wanda ba ya so zai ce maƙogwaro ne. Da na kai ƙarshen Fatiha na yi gum na bar su, Malam Nura da Injiniya suka ɗaga amin, sauran suka haɗiye tasu. Na ce a raina, Iro, kai ne gwani.

Sai dai kai ɗaya ne Allah Ya ba ni, kuma duk na cika shi da lissafi. Ina sujada ina tunanin sallama ɗaya zan yi ko biyu, yatsa kaɗa shi zan yi ko miƙewa. Ina cikin wannan, raka'a ta biyu ta ƙare, maimakon in zauna tahiya sai na miƙe zumbur. Na ji "Subhanallah!" ta taso daga baya da harshe huɗu, na Katsina, na Masar, na Pakistan da na 'yan boko. Na riga na miƙe, babu komawa. Na ci gaba gumi na bin bayana.

To, ga gyaran rafkanuwa. A wurin Alhaji ragi na yi, ƙabli ta kama ni, sujada biyu kafin sallama. Injiniya da Malam Nura ma kafin sallama suke yi. Amma mutanen Abu Hanifa sai an yi sallama suke sujadar. Uku da ɗaya. Mai hankali zai bi ukun ya huta. Ni kuwa makulli nake so, kuma makulli sai da huɗu.

Na yi ƙabli, jama'a suka bi. Na yi sallama ɗaya don Alhaji. Na ƙara ta biyu don sauran. Leburorin sahun baya har sun fara miƙewa, wasu hannunsu ya kai kan murfin kula. Sai na tuna Oga Jawed, na ɗaga murya, "Allahu akbar!" na sake kifawa.

Wayyo, mai karatu, ban ga abin da ya faru ba don goshina na ƙasa, amma na ji. Rabin masallaci suka faɗo bayana, rabi suka tsaya tsaye. Wani da cinyar kaza a hannu ya yi sujada da ita. Wani ya taka wani. Daga can baya wani Bazazzagi ya ce, "Wai Magaribar yau raka'a nawa ce?" Ko da na ɗago na sake sallama, babu mai murmushi a sahun gaba.

Malam Nura ne ya fara. "Wannan wace irin salla ce? Ƙabli da ba'adi a kan mantuwa ɗaya? Ba kai ka ce mini hadisi kake bi ba?"

Injiniya ya ce, "La, la, shi Shafi'i ne, da bakinsa ya gaya mini."

Oga Jawed ya buga ƙirji. "Hanafi! Kakansa, Bagadaza, da ƙafa!"

Alhaji Barau ya juyo a hankali yana kallona, wuyansa na kumbura. Leburori kuwa yunwa ta ƙara musu wuta. "Ɗan Nijar ne fa!" "A cire masa rigar a ga inda ya sa hannun!" "Duk sallolin da muka yi a bayansa sai mun rama ke nan?" Wani ya jefo takalmi, Allah Ya sa silifa ne.

Ina jira mutanen nan huɗu su kama junansu da faɗa in samu in sulale, don na tabbata ba za su taɓa jituwa ba. Sai Injiniya ya ɗaga hannu ya ce shi fa tun yana yaro yake salla bayan Malikawa da Hanafawa a garinsu, ba wanda ya taɓa tambayar wani. Shafi'i ai a gaban Malik ya durƙusa ya yi karatu, Ahmad kuma a gaban Shafi'i. Oga Jawed ya kaɗa kai ya ce, "Liman saki, ni kama, salla lafiya." Har Malam Nura ya cire tabarau yana gogewa, ya ce da na tsaya a kan abu ɗaya da bai ce komai ba, amma wannan wasa ne, a sake salla.

Suka tura Injiniya gaba. Ya kwarara Bismillarsa, Alhaji ya saki hannunsa, Oga Jawed ya sa nasa ƙarƙashin cibiya, Malam Nura a ƙirji, kafaɗa na gugar kafaɗa, ba wanda ya zunguri wani. Ni ina can sahun ƙarshe wajen takalma. Tun da na shigo ƙasar nan ranar ce ta farko da ba mai kallon hannuna, sai na rasa inda zan sa shi. Daga baya na sake shi yadda Malam Habu ya koya mini, ban san sanda ƙwalla ta cika mini ido ba. Ƙamshin kajin ne, ina jin.

Kazar dai ban ci ba. Washegari da hantsi na ninke babbar rigar na kai wa Alhaji kanti. Yana zaune, makullin ɗakin a kan teburinsa kusa da sikeli, yana jiran wanda za a samo. Na ce bari in gwada sa'ata.

"Alhaji, ka duba lamarin nan da idon basira. Ilimi ne ya yi yawa. Mutumin da ya san hanya huɗu dole wata rana ƙafarsa ta harɗe. Su kansu limaman da suna raye da sun..."

Ya ɗaga mini hannu. Ya ɗauki makullin ya zura a aljihu, ya karɓi rigarsa ya sunsuna ta ya jefa bayan buhun shinkafa.

"Malam Iro, kai ka zauna a bencin nan ka sa ni kuka da labarinsu. An yi musu bulala, an ɗaure su, ba wanda ya canja magana ɗaya. Kai ko bulalar ba a nuna maka ba. Fanka aka nuna maka, ka canja sau huɗu a rana."